Hannun Kubura

Shafi na 17

Masu aiko saƙo cewa na bar ku a tsaye tun Juma'a, ku yi haƙuri, aikin gona ya riƙe ni. Mun tsaya inda Hawwa'u ta haifi ɗiya mace wurin uwarta Kubura, a rugar da ke bayan Boko, shekarar da ta biyo bayan babban fari. Yau kwana huɗu da haihuwar.

*

Ruwan jego ya tafasa tun kafin hantsi.

Kubura ce ta jawo shi daga rijiya. Ita ta faskara itacen, ita ta hura wutar, ita ta karyo ganyen darbejiya ta tura cikin tukunyar. Duk abin da wuta za ta dafa, Kubura ba ta tsoron taɓa shi. Da ta gama sai ta koma ƙofar bukkarta, ta zauna bisa tabarmarta, ta jawo hannayen rigar da ke jikinta har suka rufe mata yatsu. Tsohuwar rigar marigayi mijinta ce, Jaji, wanda Hawwa'u ke kira Baffa. Ko ana zafin da kaji ke buɗe baki, da ita za ka gan ta.

Goggo Kulu ta fito daga ɗakin mai jego tana gyara ɗaurin zane. Goggon Hussaini ce, mijin Hawwa'u. Daga Tafashiya ta zo barka, ta tarar ba mai yi wa yarinya wanka, ta aje mayafi ta kama.

"Kubura, tashi ki amshi aikinki."

"Ai kina yi, Yaya. Hannunki ya fi nawa iyawa."

"Kwana uku na yi. Barka na zo, ban zo zaman jego ba. Maigidana tsoho na can ba mai dama mashi kunu, in na ƙara kwana biyu gawarshi zan tarar, ko in tarar ya yi aure."

Kubura ta yi ɗan murmushi, ba ta ɗago ba.

"Ɗiyar fari ce, Yaya. Kin san mu."

"Na san ku, Fulani sarakunan kunya. Mu ma muna yi. Tawa ta farin har yau bakina bai kama sunanta ba. Amma da ta haihu ni na tsuga mata ruwa kwana arba'in, ina yi ina kallon danga." Ta matso kusa, ta rage murya. "Ko jinjirar ba ki ɗauka ba, Kubura. Kwana huɗu. 'Yan barka sun fara kallon juna."

Kubura ta ƙara jan hannun rigar.

"To ji nan. Motar kasuwa za ta biyo nan da anjima. In ba ki yi, in tafi da su Tafashiya a yi suna can. Na faɗa wa yarinyar, ta ce in jira ta yi magana da ke."

Ta ɗauki ƙunshin kayanta ta nufi bakin hanya don ta tsare motar.

Kubura ta bi ta da kallo. A yi suna can. Ɗiyarta guda ɗaya a duniya, ta zo haihuwar fari gida kamar kowace ɗiya, a ɗauke ta kwana huɗu ba a ko yanka rago ba. Ta san in Hawwa'u ta hau motar nan, ba ta sake tako rugar nan.

Ƙasan rigar ya fara yi mata ƙaiƙayi. Ta danne wurin da tafin hannu.

Asabarin ɗakin ya motsa. Hawwa'u ta fito a hankali, tana taka ƙasa irin takun wadda jikinta bai koma ba, jinjirar a ƙirjinta cikin farin zane.

"Koma ciki," Kubura ta ce. "Iska za ta shige ki."

"Bar ta ta shiga."

Ta zo har gaban tabarmar. Kubura ta ja jikinta baya ba tare da ta san ta yi ba.

Hawwa'u ta ce, "Kin ga. Ko yanzu."

"Mi na yi?"

"Abin da kike yi tun ina shekara bakwai."

Ta zauna bisa turmin da ke kife, ta gyara wa jinjirar kai.

"Inna, mi na yi maki?"

"Ba ki yi mani komi ba."

"To mi ya sa?"

"Kunya ce. Kin sani."

"Haka kowa ya ce mani. Baffa ya ce kunya. Ma'u matar ƙanen Baffa ta ce kunya, tana yi mani kitso tana cewa uwarki Bafillatanar asali ce. Sunana da ba ki faɗi, na yarda kunya ce. Ban taɓa jin zafin wannan ba. Amma ranar da kunama ta harbe ni a bayan garke fa?"

Kubura ta runtse ido.

"Na sheƙo da gudu ina kiran Inna. Kina tsaye nan, daidai nan. Na buɗe hannu zan faɗa jikinki, kika yi tsalle baya kamar kin ga maciji. Kika tsaya kina ƙwala wa Ma'u kira, ni ina birgima a ƙasa gabanki. Wannan ma kunya ce?"

"Ke dai…"

"Abinci ki aje a ƙasa ki ja da baya taki uku, sannan in ɗauka. Ko karen ruga Baffa kan shafa kanshi. Ranar da za a kai ni ɗakin Hussaini, uwar kowa kan riƙe hannun ɗiyarta ta damƙa. Ke kina cikin bukka kin ja asabari."

"Ina jin ku."

"Na san kina jin mu."

Jinjirar ta yi ɗan motsi, ta koma barci. Can nesa shanu suna fita kiwo, 'yan tsirarun da fari ya bari.

Hawwa'u ta ce, muryarta ta sauka, "Mi kike turbuɗewa a bayan danga kowace safiya?"

Kubura ta kau da kai.

"Shara ce."

"Ba a haƙa wa shara rami. Shekaranjiya na fito bayan gida na gan ki. Kin kakkaɓe tabarma cikin ƙoƙo, kin kai bayan danga, kin haƙa da sanda, kin rufe, kin taka da ƙafa. Jiya ma. Yau ma."

"Don kada kaji su ci."

"Su ci mi?"

Kubura ta dubi hanyar da Goggo Kulu ta bi. Ba kowa. Ma'u ta tafi tallar nono tun da sassafe. Daga ita sai ɗiyarta sai abin da ke cikin farin zane.

Shekara goma sha biyu tana riƙe da bakin hannun rigar nan. Yau yatsunta suka sake shi.

Ta naɗe na dama har gwiwar hannu. Ta naɗe na hagu.

Fatar ta yi kauri ta yi duhu, faci-faci, samanta fari-fari kamar an barbaɗa toka bisa busasshen taɓo. Inda ta sosa da asuba ya tsage, jini ya bushe a wurin. Faratanta sun yi kauri, sun yi 'yan ramuka. Da ta motsa hannun, wani abu kamar dusa ya zubo bisa tabarma.

"Ga shi," ta ce. "Haka bayana yake. Haka gwiwoyina. Haka cikin kaina. Kin gani, sai ki ja ɗiyarki baya."

Hawwa'u ba ta motsa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun jegon Dabo."

Dabo ƙanen Hawwa'u ne. Wata bakwai ya yi a duniya.

"Ina gama arba'in ya feso mani. Na ce zafin ruwan wanka ne. Ina goya shi, ina ba shi mama, yana kwana a jikina, fuskarshi a nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Sai wata safiya na ga ƙuraje sun feso mashi. Bayan kunne suka fara. Kwana shida na yi ina kallon fatarshi tana saɓa kamar tawa. Na bakwai aka ɗauke shi cikin tabarma."

"Inna…"

"Ni na sa mashi. Da hannuna da nonona. Da aka dawo daga rufe shi kika zo kika hau cinyata kina tambaya ina aka kai shi. Na dube ki, fatarki sumul. Na sauke ki. Na ce wa Allah, wagga guda da ta rage ba ni kashe ta."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ba ta saba kai hannu fuska a gaban mutane ba.

"Kin ce kunama. Ranar nan da kika kwanta na je bayan garke na ciji hannuna har ya yi jini. Kin ce ranar kai ki. Ta hudar asabari na bi ki da ido har kuka sha kwana. Mutane suka ce kunya, na bar su. Gara a ce kunya da a ce kuturwa."

"Wa ya ce maki kuturta ce?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Ina da ido. Na ga masu zama bakin kasuwar Kusada da ƙoƙonsu daban. Ran da na kai nono na ƙarshe, wata mata ta ce, Bafillatana mi ya samu hannunki. Tambaya kawai ta yi, har ta sayi na sule. Na dawo gida na kife ƙoraina, ban sake tatsar nagge ba."

"Baffa fa?"

"Baffanki ya yi ta roƙona mu je asibiti. Na ce in suka riƙe ni a garin kutare fa? A ce ke ɗiyar kuturwa ce, wa ke aurenki? Wa ke sayen nonon rugar nan? Na sa shi ya rantse. Na fita daga ɗakinshi. Har ya rasu bai faɗa wa kowa ba, har ya rasu ban riƙe hannunshi ba."

Ta fara sauke hannun rigar.

"Yanzu kin ji. Ki bi Yaya Kulu. Ruwan wankan nan in na sa hannu cikinshi…"

"Bar shi a naɗe."

Hawwa'u ta kwantar da jinjirar bisa cinyarta. Ta kai hannu ta warware ɗankwalinta. Ta juya kai, ta ɗaga kitson da ke bayan kunnenta.

"Dubi nan."

Kubura ta duba.

Faci ne kamar faɗin sisi biyu, mai duhu, samanshi fari-fari.

Hawwa'u ta lanƙwasa hannu ta nuna mata gwiwar hannunta. Wani. Ta ɗan sassauta zane ta nuna ƙugunta. Wani, ya fi su girma.

"Shi ya sa na gane abin da ke cikin ƙoƙon nan tun daga nesa. Ni ma ina kakkaɓe shi."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Kubura, ba kuka ba, ba magana ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Na sa maki. Innalillahi. Duk da haka na sa maki."

"Ta ina?"

"Ban sani ba. Ta ruwa. Ta iska."

"Inna, ta ina? Shekara goma sha biyu ba ki taɓa ni ba. Ƙoƙonki daban, butarki daban. Kuma ba a nan ya fito mani ba. A Tafashiya ya fito, wata biyar da kai ni, ina nesa da ke tafiyar yini."

Kubura tana girgiza kai kawai.

"Ni ma na ɓoye. Wata uku ina kwana da riga, ina cewa sanyi nike ji. Na fara aje wa Hussaini tuwo in ja da baya. Ranar da na ga na ja taki uku, na tsaya na ce, wa nike kwaikwayo? Amma ban gane ba a lokacin. Shi ya kama ni ina sosa bayana da muciya."

"Ya kore ki?"

"Dariya ya yi. Ya ce dama ya ga tuwon kwanan nan ya canza ɗanɗano."

Ita ma ta yi 'yar dariya, ta share hanci da bakin zane.

"Da na samu ciki ya ɗora ni a keke ya kai ni awo asibitin Kankiya. Na nuna wa malamar. Ta sa na rufe ido, ta riƙa taɓa wurin da auduga, tana cewa kin ji? Na ce na ji. Ta ce yana ƙaiƙayi? Na ce kamar in cire fatar. Ta ce to ba kuturta ba ce, kuturta kashe wuri take, ba ka jin komi. Naki yana ƙaiƙayi, Inna?"

Kubura ta ce, "Ba ya bari in yi barci."

"Ta ce soriyasis sunanshi, ko mi. Ta ce ba a ɗaukarshi. Ba ta hannu, ba ta ƙoƙo, ba ta nono. Da hannunta tsirara ta shafa wurin, ina kallo. Ta ce yakan bi jini, kamar dogon hanci, ta tambaye ni ko akwai mai shi a gidanmu. Na ce babu."

Ta dubi hannayen uwarta.

"Na ce babu, Inna."

"Malamar ba ta sani ba. Yarinya ce."

"Ta girme ki. Ta ba ni wani baƙin mai, warinshi kamar sabon titi. Ba ya kashe shi, amma yana kwantar da shi. Hussaini ke shafa mani a baya da hannunshi. Kwano guda muke ci. Shekara guda da rabi ke nan, je ki duba shi, ko tabo babu. Ma'u ma da ke wanke tukunyar da kike ci, mi ya same ta? Baffa da ya kwana ɗaki guda da ke kafin ki fita, mi ya same shi?"

"Dabo fa?"

Ta faɗe shi da ƙarfi, kamar mai riƙe da reshe na ƙarshe.

"Dabo fa? Da idona na gani."

"Ƙyanda ce ta kashe Dabo."

"A'a."

"Ƙyanda ce. Ni ma na yi ta shekarar, kin manta? Ma'u ta yi jinyata. Ita ta ba ni labari, yara tara aka rufe a Boko damanar nan. Uwayensu duk kutare ne?"



Kubura ta tuna. Ta tuna damanar. Ta tuna ana wucewa da ƙananan tabarmi ta bayan ruga, yau ɗaya, jibi biyu. Ta ji labarin duka a lokacin. Ba ta taɓa jera Dabo cikinsu ba. Nata daban ne, nata ita ta yi.

Ta ce a hankali, "Kada ki faɗa mani haka."

"Gaskiya ce."

"Kada ki faɗa mani. In gaskiya ce, to mi na yi? Baffanki yana kwance yana miƙo mani hannu, na tsaya bakin ƙofa ina ce mashi sannu. In gaskiya ce…" Muryarta ta karye. "Gara in zama kuturwa. Wallahi gara in zama kuturwa, in san dalili ne ya sa."

Hawwa'u ta bar ta ta yi kukan, kuka marar sauti na wadda ta saba yin shi cikin bukka.

Sai ga ƙugin mota daga wajen hanya, tana tahowa tana tari. Ta tsaya. Direba ya danna ham sau ɗaya.

Muryar Goggo Kulu ta taso daga nesa. "Ke mai jego, ana tafiya ko ana zama? Mutumen nan ba shi da haƙuri."

Kubura ta share fuska da kafaɗa.

"Tafi," ta ce. "Ko da malamar ta yi gaskiya, ni ban iya ba. Hannun nan ya manta. Tafi inda za a yi maki wanka."

"Ba ruwan zafi na zo nema ba. Akwai itace a Tafashiya."

Hawwa'u ta miƙe da ƙyar, tana cije leɓe. Ta tako. Wannan karon Kubura ba ta da inda za ta ja, bayanta ya riga ya jingina da bukka.

Hawwa'u ta durƙusa. Ta kwantar da jinjirar bisa tabarmar, tabarmar da ko kaza ba a bari ta taka.

"Ɗauke ta daga nan." Kubura ta ƙara mannewa da bukka. "Ban sake kakkaɓe ta ba. Ɗauke ta."

Hawwa'u ta miƙe. Ta ja da baya.

Taki ɗaya.

Biyu.

Uku.

"Haka kike aje mani," ta ce. "Ni kuma in zo in ɗauka. Yau ke za ki ɗauka."

Jinjirar ta ji taurin tabarma, ta yamutsa fuska, ta tsala kuka. Ƙananan hannayenta suka fito daga zanen suna neman abin riƙewa.

"Tana kuka," Kubura ta ce.

"Ina ji."

"Ɗauke ta mana."

"Ni ma na yi kuka a wurin nan." Hawaye na bin fuskar Hawwa'u, amma hannayenta na bayanta, ta harɗe su. "In kin ɗauke ta, in ce wa Goggo ta gaida gida, mu je ki yi mani wanka kafin ruwan ya huce. In motar nan ta sake yin ham tana ƙasa, ni zan ɗauka. Kuma ba ni sake aje ta gabanki."

Kubura ta dubi jinjirar. Kwana huɗu daga nesa take satar kallonta. Yanzu ta ga goshin. Goshin Jaji ne sak.

Ta matso bisa gwiwoyinta.

Ta miƙa hannayen, tsirara, a cikin hasken rana. Suka tsaya a saman jinjirar, saura kamar faɗin yatsa huɗu. Har tana jin ɗumin jikinta yana tasowa.

Sai wani ɗan farin ɓawo ya saki daga wuyan hannunta.

Ya sauko a hankali.

Ya sauka bisa kumatun jinjirar.

Kubura ta daskare, idonta a kanshi.

"Inna," Hawwa'u ta ce. "Dusa ce kawai. Hure ta."

A bakin hanya, direba ya ɗora hannu bisa ham.